Kashi Biyar Cikin Ɗari: Tarihin Alminiyam Daga Faris Zuwa Farar Ƙasar Ƙanƙara

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba.

Yau tarihin wani ƙarfe za mu bi. Ƙarfe ne da yake cikin kowane gida a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Shi ne tukunyar da aka tuƙa maka tuwo jiya, shi ne ludayi da butar shayi, shi ne kwandon injin babur, shi ne firam ɗin taga da na farantin sola. Dattawa suna ce masa sanholo ko goran ruwa, a kasuwa za ka ji ana cewa tukunyar dalma, 'yan boko kuma su ce alminiyam. Zan fi tsayawa a kan wani haɗi guda ɗaya, wato alminiyam da aka zuba masa magniziyam kashi biyar cikin ɗari, wanda ake ja ya zama wayar walda mai lamba 5356. Ku yi haƙuri da lambar, kafin mu gama za ku ga abin da ya sa na ɗauko ta.

Mu fara daga abin da muka sani. Kowa ya san alif, wanda wasu ke cewa alam, ɗan farin dutsen nan da ake jefawa a randa idan ruwa ya yi dauɗa, ya kwantar da laka. To sunan alminiyam daga sunan alif aka ciro shi a harshen Latin, domin ƙarfen yana ɓoye a cikinsa. Kuma alif ba baƙo ba ne a wannan yanki namu. Masanin ƙasa al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa a 1154, ya ambaci alif ɗin Kawar, can cikin hamadar Nijar ta yau, ya ce fatake suna ɗaukarsa har Masar. Ka ga ke nan an daɗe ana cinikin gishirin wannan ƙarfe, shekaru ɗaruruwa kafin wani ɗan Adam ya ga ƙarfen kansa da ido.

Me ya sa aka daɗe haka? Alminiyam shi ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 8 cikin 100. Amma ba ya zama shi kaɗai kamar zinariya. Yana riƙe da iskar oksijin gam, irin riƙon da wutar gawayi da zuga-zugi ba za su iya kwancewa ba. Maƙeranmu na da sun san yadda ake narka tama a fitar da baƙin ƙarfe, haka ma na Sin da Indiya da Turai, amma duk duniya babu maƙerin da ya iya fitar da alminiyam da wutar maƙera.

Sai a 1825 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya samu ɗan ƙanƙanin abu daga cikinsa. Bajamushe Friedrich Wöhler ya inganta hanyar a 1827. A 1854 Bafaranshe Henri Sainte-Claire Deville ya gano yadda za a samu da ɗan yawa, har aka baje sandunansa a babban baje kolin birnin Faris na 1855, mutane suna layi suna kallo kamar wani lu'ulu'u. A 1884 da Amurka ta kammala doguwar hasumiyar tunawa da George Washington, da alminiyam aka yi mata ɗan tsinin kai, nauyinsa bai kai kilo 3 ba, kuma a lokacin farashinsa yana gogayya da na azurfa. Ku duba fa, abin da yau 'yan jari-bola suke awo a sikeli.

Abin da ya karya farashin shi ne lantarki. A 1886 wasu samari biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa wuri ba tare da sanin ɗan'uwansa ba, suka gano yadda ake raba alminiyam da oksijin ta hanyar wutar lantarki. Duk su biyun a 1863 aka haife su, wato ba su wuce shekara 23 ba. Ni da nake wannan magana na girme su a lokacin. Bayan shekara biyu Carl Josef Bayer ya fito da hanyar tace jan dutsen da ake kira boksait, a samu farin garin alumina da ake zubawa a wancan tukunyar lantarki. Har gobe da waɗannan hanyoyi biyu duniya take aiki. Ku riƙe wannan: kilo ɗaya na sabon alminiyam yana cin kamar yunit 14 na wuta, irin yunit ɗin da kake saye a mita. Za mu dawo kansa.

To ƙarfe ya samu, ya yi araha, ga shi marar nauyi, domin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Sai dai yana da aibi. Zallansa laushi gare shi, da hannu ma kana iya lanƙwasa shi. A nan ne magniziyam ya shigo. Shi wannan wani ƙarfe ne da Baturen Ingila Humphry Davy ya fara warewa a 1808, ya ma fi alminiyam rashin nauyi, ana samunsa daga duwatsu da ruwan teku, kuma yau ƙasar Sin ce take samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na wanda duniya ke amfani da shi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka lura cewa idan aka zuba ɗan magniziyam a cikin narkakken alminiyam, abin da zai fito ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, ƙwayoyin magniziyam sun ɗan fi na alminiyam girma, sai su cusa kansu a tsakani su hana ƙarfen zamewa. Kamar dai yadda magini yake cuɗa ƙasa da ciyawa kafin ya yi tubali. Kashi huɗu da rabi zuwa biyar cikin ɗari ya isa ya ninka ƙarfinsa kusan sau uku. Ga shi kuma ruwan gishiri ba ya cin sa da sauri.

Saura matsala ɗaya, ita ce haɗa shi. Duk wanda ya taɓa zama a shagon walda ya san alminiyam ƙarfe ne mai taurin kai. Na farko, da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani. Ƙarfen yana narkewa a digiri 660, amma fatar sai ta wuce digiri 2,000. Wato ciki ya zama ruwa, waje yana nan daram. Na biyu, ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Kana hura masa wuta yana nan fari, sai kawai ka ga ya rufta, rami ya buɗe. Na uku, yana kwashe zafi da sauri ya watsa ko'ina. Shi ya sa jiragen saman alminiyam na farko da ƙusoshin ribit aka dinga haɗa su, dubbai a jiki guda.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta samun mafita. A 1941 wani injiniya mai suna Russell Meredith, a kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka, ya kammala wata hanyar walda da ake lulluɓe bakin wutar da iskar da ba ta haɗuwa da komai, don kada oksijin ya samu shiga. Ita ce ake kira TIG, yau an fi yin ta da iskar agon. A 1948 aka fito da ƙanwarta MIG, wadda inji ke turo waya da kansa daga ƙullin zare. A 1954 aka tsara wa haɗe-haɗen alminiyam lambobi huɗu-huɗu. Duk wanda ya fara da 5, to magniziyam ne jagoran haɗin. Wanda ya fara da 4 kuma silikon ne, wato sinadarin da ke cikin yashi. Daga nan aka samu wayoyin walda guda biyu da suka mamaye duniya: 4043 mai silikon kashi biyar, da 5356 mai magniziyam kashi biyar.

Da wannan iyali na masu lamba 5 ake ƙera kwale-kwale da jiragen ruwa, da tankokin mota, da bodin tirela, da tsani. Suna da wata baiwa kuma: sanyi ba ya sa su tsinkewa kamar gilashi, yadda yake yi wa baƙin ƙarfe na yau da kullum. A 1959 jirgin ruwa na farko da ya tsallaka teku da narkakkiyar iskar gas, daga Amurka zuwa Ingila, a tankokin alminiyam ya ɗauke ta. Har yau manyan tankokin nan masu kama da ƙwallo da ake gani a kan jiragen dakon gas, da haɗi mai lamba 5083 ake yin su, suna riƙe da gas a sanyin digiri 162 ƙasa da sifili. Kai, ko murfin gwangwanin lemon da ka sha ka yar, haɗin magniziyam ne, shi ya sa ya fi jikin gwangwanin tauri.

To mu dawo gida. Ta ina ƙarfen nan ya iso mana?

Ta ƙofa biyu ya shigo, kuma duk biyun akwai darasi. Ƙofa ta farko ita ce ta manya, ta gwamnatoci da kamfanoni. Afirka ta Yamma tana da boksait, Gini ma tana sahun gaba a duk duniya. Kamaru ta fara narka alminiyam a Edea a 1957. Gana ta gina madatsar ruwa ta Akosombo, aka kammala a 1965, kuma babban mai shan wutarta a lokacin shi ne kamfanin VALCO na Tema, wanda ya fara aiki a 1967. Nijeriya ma ta shiga sahu. An kafa ALSCON a Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom, da niyyar fitar da tan 193,000 a shekara, da tasharsa ta wuta mai megawat 540. Ya fara aiki a 1997, ya tsaya a 1999. Aka zo sayar da shi, rikici ya ɓarke tsakanin kamfanin Rusal na Rasha da ya karɓa a 2007 da kamfanin BFIG na Amurka, har Kotun Ƙoli ta yi hukunci a 2012. A 2013 aka sake kashe tukwanen. Ku tuna yunit 14 ɗin nan da na ce ku riƙe. Ƙasar da wutarta gaba ɗaya take yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, narka sabon alminiyam zai yi mata wuya.

Ƙofa ta biyu ita ce ta talakawa, kuma ita ce ta yi aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tarkacen alminiyam ya yawaita, na motoci da jirage da kayan gwangwani. Sai masu sana'ar hannu a Afirka ta Yamma suka koyi zubi: a cika akwatin katako da ƙasa mai laushi, a danna tsohuwar tukunya ta bar siffarta, a narka tarkace da gawayi, a zuba. Wata masaniyar tarihi a Jami'ar Chicago, Emily Osborn, ta bi sawun wannan sana'a, ta nuna yadda ta bazu daga gari zuwa gari ta hannun yaran shago da suka ƙware suka yi ƙaura suka buɗe nasu. Babu ma'aikatar gwamnati da ta tsara, babu bashin Bankin Duniya. A ƙasar Hausa kuwa ta tarar da gida a share, domin tun da can muna da maƙeran baƙi masu garma da fartanya, muna da maƙeran fari masu azurfa da tagulla, waɗanda suka san narkawa da zubi. Je ka kasuwar Katako a Yamai, ko Panteka a Kaduna, ka ga abin da hannu yake yi. Sake narka tsohon alminiyam kuwa kusan kashi 5 cikin 100 kacal yake ci na makamashin da sabo yake ci. Wato abin da Turawa suke taro a kansa yau da sunan kare muhalli, su baba masu zubi sun fi shekara 60 suna yin sa. Tukunyar ƙasa ta ja baya, ta ƙarfe ta hau murhu, ba ta fashewa, ana gadonta.

Wallahi ina jinjina musu. Amma tsakani da Allah akwai inda aka tsaya, kuma a nan ne lambar nan 5356 take da magana. Mun iya narkawa, mun iya zubi, amma sanin abin da ke cikin haɗin bai iso mana ba. A wurinmu duk farin ƙarfe marar nauyi sunansa ɗaya. Fistin na mota, da gwangwanin lemo, da firam ɗin taga, da lagireto, duk tukunya ɗaya ake jefa su, alhali kowanne da haɗinsa.

Wannan rashin bambancewa yana da farashi. Ɗauki walda. Kwandon injin babur ko na injin ban ruwa, yawanci zubi ne mai silikon da yawa. Idan ya tsage, 4043 ce ta dace da shi. Ka sa masa 5356, magniziyam da silikon su haɗu su yi wani abu mai gautsi, ɗinkin ya yi kyau a ido, bayan kwana kaɗan ya sake buɗewa, manomi ya rasa ban ruwan mako guda a tsakiyar rani. Haka in ka juya: falankin tanki ko na kwale-kwale mai magniziyam da yawa, ba a ɗinke shi da 4043. Sannan ita 5356 ba ta son wurin da zai dawwama da zafi sama da digiri 65, domin a hankali takan fara tsagewa. Amma a bodin mota, da ƙofa, da tsani, da duk inda ake son ƙarfi da juriya, ita ce gaba. Akwai ma kayan da ba alminiyam ba ne sam. Kafireto da yawa haɗin zinki ne, yana narkewa tun kafin digiri 400. Wasu murafan inji kuma magniziyam ne kusan zalla, wanda idan garinsa ya kama wuta, ruwa ƙara masa fushi yake yi, sai busasshen yashi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: kankare wurin, ɗiga ruwan khal, in ya yi kumfa magniziyam ne, in ya yi shiru alminiyam ne. Kuma kafin walda a goge fatar nan da buroshin silba wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba. Wannan ilimin bai fi a koyar da shi cikin mako guda ba, amma yaro zai yi shekara biyar a shago bai ji shi ba, domin ogansa ma ba a gaya masa ba.

Na tukunya ya fi wannan tayar da hankali. Muna cewa tukunyar dalma, to amma dalma ta gaskiya wani ƙarfe ne daban, mai nauyi, irin na cikin batirin mota, kuma guba ce. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba ma buƙatar dogon bayani, mun tuna 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. A 2014 an wallafa wani bincike a kan tukwanen zubi na Kamaru, aka samu da yawansu suna sakin dalma a cikin abin da aka dafa, saboda irin tarkacen da aka narka. Abin da ake jefawa a wuta shi ne matsalar: tsohon lagireto mai like-like, da sassan inji, da kayan lantarki. Mai zubin da ya ware tarkacensa, ya ajiye gwangwani da tsofaffin tukwane da firam don kayan abinci, ya bar na inji don murhu da sauran kayan da ba a ci a ciki, ya rage haɗarin sosai. Kafin wani ya ce ina ɓata wa mutane sana'a, a'a, so nake ta daɗe. Ranar da aka fara gwada tukwane a kasuwa, wanda ya san haɗinsa shi zai tsira.

Yanzu ga abin da ya sa na ce wannan tarihi namu ne mu 'yan Ƙanƙara. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin, duniya da wannan ta san sunanmu. Amma a ɗakunan bincike an daɗe da sanin Ƙanƙara da wani abu daban, wato farar ƙasa. Masu binciken sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun shafe shekaru suna aiki a kan farar ƙasar Ƙanƙara, suna fitar da alumina, da alif, da sinadaran da ake tace man fetur da su. Tatacciyar farar ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta alminiyam ne. Wato ƙarfen da aka yi wa layi a Faris a 1855, shi muke shafe ɗaki da shi, shi ake lodawa a buhu a tafi da shi a farashin ƙasa. Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Kada wani ya ɗauka cewa nake gobe a gina mana irin ALSCON a hanyar Sheme. Fitar da ƙarfen daga farar ƙasa ya fi fitar da shi daga boksait tsada, ga kuma batun wuta da muka gani. Tarihin da muka bi ya nuna mana ƙofar da ta buɗe a baya, ita ce ta masu sana'a, kuma abin da take buƙata bai kai kuɗin madatsar ruwa ba. Injin TIG, da tulun agon, da wuta tsayayya ko ta sola ce, da malamin da ya san bambancin 4043 da 5356. Duk lokacin zaɓe ana raba wa matasa babura da kekunan ɗinki da sunan tallafi. Mu 'yan mazaɓar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa muna da damar tambayar masu neman ƙuri'armu: a ina yaro zai koyi waldar alminiyam ba tare da ya tafi Kaduna ko Kano ba? Wa zai gwada tukwanen da ake sayarwa a kasuwanninmu? Farar ƙasar da ake fita da ita, nawa ne ake sarrafawa a nan kafin ta hau mota?

Mu kuma da muka yi karatu, musamman waɗanda suka karanta kimiyya suna zaune suna jiran aikin ofis, akwai namu. Mai walda yana da hannu, kai kana da lambobin. Ka je shagonsa da ladabi, ka gaishe shi, ka ce baba ga abin da na karanta, mu gwada mu gani. Shi ma zai nuna maka abin da babu shi a littafi.

Idan a cikin masu karatu akwai mai walda, ko mai zubin tukwane, ko ɗan jari-bola, don Allah ka rubuta mana a ƙasa yadda kuke bambance tarkace a wurinku da sunayen da kuke kiran kowane iri. Wanda kuma yake da ɗan'uwa mai wannan sana'a da ba ya karatu a waya, ya karanta masa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.